Haƙori Biyu da Ɗanyen Karas

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiyar kiwo?"

"Kiwon mi, tsoho?"

"Na ga kina tahe da ganye a baki, na ce ko garken naku ne ya dawo daga daji."

Danda na kishingiɗe bisa tabarma ƙarƙashin bedin ƙofar gidansa a Attantane, ido rabi a buɗe. La'asar ta yi sanyi, gero ya fidda kai, iska na ratsa shi a hankali. Mai tsaye a kansa da ɗan kwano jikarsa ce Zulfa, wadda ta zo goyon ciki daga Maradi, wata na bakwai. Can birni ta ga wata mata a waya wadda ba ta cin abin da ya taɓa wuta, ba nama, ba nono, ba ƙwai, fatarta sai sheƙi. Zulfa ta bi ta. Wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Uwarta Hafiza ba ta iya yi mata faɗa, don ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Shekaranjiya ta durƙusa nesa da tabarmar surukinta ta ce, "Baba, yarinyar nan..." Danda ya gane sauran.

"An ce kwana biyu kana mai da tuwo," in ji Zulfa, ta zauna a bakin tabarma da ƙyar. "Mutuwar ce ta zo? Ka faɗa mini in fara neman wani."

"Wa za ya kwashe ki? Ko akuya ta fi ki sanin daɗi, ita tana lasar tukunya. Ni matata na bi. Miji abin da matarsa ta girka shi yake ci. Mi kika girka mini?"

"Ban girka ba, yankawa na yi. Karas ne da tumatir da zogale."

"Miƙo."

Ya ɗauki karas guda ya duba shi ta kowane gefe, ya sa a baki. Haƙora biyu suka rage masa, ɗaya a sama wajen dama, ɗaya a ƙasa wajen hagu, shekara goma ba su gaisa ba. Karas ya yi ta yawo tsakaninsu, ya fito yadda ya shiga.

"Da daɗi," ya ce. "In Allah ya kai mu Sallah zan gama shi."

"Kai ba ka sani ba, tsoho. Wuta ce ke kashe amfanin abinci. Dubi raƙumi, wa ya taɓa dafa mishi? Ga ƙarfi."

"Raƙumi yini yake yana tuƙa, abin da ya ci da safe shi yake sake ci da marece. In haka kike yi a ɗaki ki faɗa mini in san wadda na aura. Ɗan raƙumi kuma mi yake sha?"

Zulfa ta kau da kai wajen gonaki. Danda ya lura da leɓenta, ya yi fari kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Ya lumshe ido.

"Ɗazu takwarana ya zo mini a mafarki."

"Wane takwara? Wa ya ce za a ɓata yaro da sunanka?"

"Ya zo yana tahiya bisa kawunan gero, daga wannan zangarniya zuwa waccan, ko ɗaya ba ta lanƙwasa ba. Iska ta ɗaga shi, ta aje, ta ɗaga shi. Na riƙe mishi ƙafa don kar ya wuce Mayahi. Na ce, ina zuwa, Malam Danda? Ya ce rugga za ya nema, gidan da aka sauke shi wata bakwai ba a ɗora tukunya ba."

"Ƙarya dai kake ƙara gwaninta da tsufa."

"Har ya ce in gaishe ki. Ya ce ranar awo yana ji daga ciki, malama ta ce akwai wani bitamin da babu shi a ganye ko kin cinye dajin Hawandawaki, sai a nono da ƙwai da nama."

"Wa ya faɗa maka wannan?"

"Na ce miki shi."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Ta sa hannu a kwano ta ɗauki ganye ɗaya, ta riƙe ba ta ci ba. Daga nesa wani na gasa tumu, ƙamshin sabon gero ya biyo iska ya zo ya zauna tare da su.

"Shekarar da gero ya ƙi," Danda ya ce a hankali, kamar da bedin yake magana, "mun ci ganyen jiga, mun ci 'ya'yan anza. Kakarki, Allah ya ji ƙanta, kwana da kwanaki take jiƙa anza tana zubar da ruwan ɗaci, kana ta dafa. Tana da cikin ubanki. Na tahi da ƙafa yini guda na samo mata nono ludayi huɗu. Ta sha tana kallon sama."

Ya dafa ƙasa zai gyara zama, ya kasa, ya koma. Zulfa ta gani.

"Tsoho, da gaske tun yaushe ba ka ci ba?"

"Tun shekaranjiya. Dabino uku da ruwa. Jikina har ya fara sheƙi, ba ki gani?"

"Kana da shekara tamanin."

"Shi takwarana ko ɗaya bai kai ba, kuma yana jurewa. Ranar da aka ba shi a ba ni."

Sai ta dafa bedi ta miƙe, ta shige gida. Danda ya saurara. Ya ji an buɗe faifai, ya ji ludayi na bugun ƙwarya. Ta dawo da hura damamma da nono, fari sol, ta aje gabansa.

"Sha, kar ka mutu a ce ni ce."

"Ke fara. Ban yarda da ke ba, gadona kike so."

"Gadon mi? Buta da tabarma?"

Ta kai ludayi baki. Ta sha ɗaya, ta tsaya, ta rufe ido. Ta sha na biyu, da na uku. Ta bayan zana Danda ya hangi gefen zanen Hafiza, ya tsaya cik, can kuma tsintsiya ta ci gaba da shara inda aka riga aka share.

"Ki rage mini mana, 'yar fashi."

"Ba ni ke sha ba, baƙonka ne." Ta share baki da bayan hannu. "Gobe a dafa wake. Ran kasuwa kuma ka sawo mini hanta, tun da ka ce kai miji ne. Amma in mace ce fa, ina takwara?"

Danda ya jawo ƙwaryar gabansa, ya leƙa abin da ya saura.

"Sai in sake ki in aure ta."

Zulfa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta miƙa masa ludayin.