Shaddar Tasi'u a Sanyin Jos

Duk wanda ya ce Tasi'u dillalin motoci ya manyanta, hassada ce ke damunsa. Mutum ne da in ya fito daga wurin mai aski, ya shafa wa gemunsa ɗan abin da yake shafa masa, ya karya hula, ba wanda zai ba shi fiye da arba'in sai waɗanda suka yi firamare tare, su kuwa an san su da baƙin ciki. Tun da aurensa ya mutu yake duba wadda ta dace da shi a duk faɗin Haɗeja, har idonsa ya tsaya a kan Sista Furera, ma'aikaciyar jinya, bazawara mai natsuwa da ba ta dariya sai abin ya kai a yi.

Ana haka sai ƙungiyar tsofaffin malaman makaranta ta shirya wa 'ya'yanta yawon buɗe ido zuwa Jos a ƙarshen Disamba, su ga gari lokacin da ya yi adon Kirsimeti. An tsara tafiyar daidai gwiwar tsofaffi: ba gaggawa, ba hawa bene, ba hawa dutse, a taka kaɗan a zauna, a sha shayi, a sake takawa. Wanda ƙafarsa ta yi rauni an yarda ya zo da ɗan rakiya. Tasi'u bai ga abin sha'awa a ciki ba, sai da ya ji Sista Furera ce za ta bi su don kula da lafiyarsu. Nan take ya tuna da Kaka Jibo, ƙanin kakansa, tsohon hedimasta, wanda rabonsa da zuwa gaishe shi tun babbar Salla. Ya je ya shaida wa dangi cewa shi ba zai iya barci ba in aka bar tsohon nan ya shiga duwatsun Jos shi kaɗai.

A cikin mota, bayan sun wuce Ningi, ya matso kusa da kunnen tsohon.

"Kaka, kai ne babba. In ka ga wuri ya yi, ka ɗan sa mini baki wurin Sista."

"Wace Sistar? Tawa?" in ji Kaka Jibo. "Yarinyar da kullum take riƙe mini hannu tana auna jinina? Kai ko sallama ka yi mata sai ka haɗa da tari take waigowa."

"Kaka, ka bar wasa. Da gaske nake."

"Na ji, aboki. Zan yi maganar. Amma ni zan zaɓi lokacin."

Washegari da safe tsofaffi suka fito daga masauki kamar an jera buhunan gyaɗa: suwaita a kan suwaita, hular sanyi har kunne, safa har gwiwa, wani ma ya naɗe wuya da ɗankwalin matarsa. Sai ga Tasi'u ya fito cikin sabuwar shadda ruwan sararin samaniya, ta sha sitati tana ƙara, aikin wuya har cibiya, hula zanna a karkace, takalmi sau-ciki ba safa. Ya tsaya a ƙofa ya ba kowa lokacin da zai kalle shi.

Sista Furera ta dube shi sama da ƙasa. "Malam Tasi'u, haka za ka fita? Akwai suwaita guda da ta rage a jakata, ka sa a sama."

A yi wa mutum adalci: wa zai biya wannan aiki na wuya, sannan ya rufe shi da suwaitar gwanjo kamar maigadin kasuwa?

"Na gode, Sista, ajiye wa su Baba," ya ce yana murmushi. "Ni jinina zafi gare shi. Sanyi ai abin manya ne."

"To, madalla. Tunda kai ne mai ƙarfi a cikinmu, ga aikinka."

Ta nuna masa keken asibiti, irin wanda ake tura marasa lafiya, da ta zo da shi saboda wanda zai gaji a hanya. An ninke wani bargo mai kauri an ɗora a kan kujerar. Ba tsohon da ya yarda ya ko kalli keken. Kowa ya ce ai wane ne ya fi buƙata. Haka Tasi'u ya kama hannun ƙarfe, ya ji kamar ya damƙi ƙanƙara.

Abin da ba wanda ya yi masa gargaɗi a kai shi ne, sanyin Jos bai cika kama mai sauri ba, mai tsayawa yake nema. Su kuwa waɗannan bayin Allah tsayawa suka zo yi. Suka tsaya kallon fitilu da ƙyallayen ado da aka rataya a ƙofofin shaguna. Suka tsaya gaban wata mai sayar da kayan lambu, gardama ta kaure a kan wani jan ɗan itace mai ƙuraje a jiki, wasu suka ce tumatir ne da bai samu lafiya ba, wasu suka ce ɗan uwan kanya ne. Da suka ci karo da matan zumunta na coci, sanye da zane iri ɗaya, suna buga tulu suna rera waƙar Kirsimeti da Hausa tsantsa, sai tsofaffin suka samu benci suka zauna, har da masu kaɗa kai. Da aka gama kuma aka shiga gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi yara, aka gano cewa ɗaya daga cikin matan ta taɓa koyarwa a Malam Madori, aka sake sabuwar gaisuwa.

Duk wannan lokaci iska tana shiga ta hannun shaddar Tasi'u na dama tana fita ta na hagu ba ko sallama. Sitatin da ya biya a zuba masa da yawa ya koma kamar kwanon rufi a jikinsa. In Sista ta waigo sai ya buɗe ƙirji ya yi murmushi, in ta juya sai haƙora su ci gaba da aikinsu.

Mutum mai basira dai ba ya rasa dabara. Ya hango wani ƙaramin masallaci, ya ce, "Iyayena, ga hantsi ya yi, ba ma ɗan shiga mu yi walaha ba?" Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, suka ce ashe yaran yanzu da sauran na kirki. Shi nufinsa bango huɗu da rufi. Ya manta da alwala. Su kowa da ruwan ɗumi a fulas ɗinsa, shi aka miƙa masa butar masallaci da ta kwana a waje. Da ruwan ya taɓa bayan kunnensa sai da ya ga garinsu. Masallacin kuma tayil ne a ƙasa, tagogi a buɗe, liman mai son iska.

Da suka fito ya ga wani mai shayi, ya ce zai je ya tambayi hanya. Ya tsaya a jikin murhu yana tambayar mutumin asalinsa da na iyayensa, har ya sayi dafaffen ƙwai mai zafi ya jefa ɗaya a kowane aljihu, ya dawo hannu a ciki yana taku irin na masu kuɗi.

Kaka Jibo ya shaƙi iska ya dube shi. "Aboki, kwanci kake yi? In sun ƙyanƙyashe ka ba ni zakara."

"Kaka, rage murya."

"Leɓenka ya zama kalar rigarka. Ado ne shi ma?"

"Lafiyata ƙalau. Ka dai ji da gwiwarka."

Aka je gidan adana kayan tarihi, aka ga tukwane da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Nan Kaka Jibo ya tuna da aikinsa na dā, ya tara jama'a ya ba su darasi a tsaye, a fili, inda ba abin da ya tare iska. Ƙwan ya huce. Tasi'u ya daina jin yatsun ƙafarsa, ya fara tunanin ko takalmin ne yake tafiya shi kaɗai.

Da aka juyo za a koma inda mota take, wata tsohuwar malama ta ce jiri take ji. Sista ta nuna mata keken, ta ce Allah ya kiyaye, ita da ƙafarta ta zo. Sai Sista ta riƙe ta suka yi gaba tare da sauran, ta ce wa Tasi'u ya biyo su da Kaka a hankali, kada ya gaggauta shi. Suka sha kwana suka ɓace. Ya rage daga Tasi'u sai Kaka sai keke, sai bargon nan da yake ta kallonsa tun safe.

"Kaka, wannan sandar taka ba ta taimakonka. Kawo ta. Kama hannun keken nan da hannu biyu ka ji yadda ake tafiya."

Tsohon ya kama, ya taka. "Kai, da daɗi kuwa. Sai dai yana gudu ya bar ni."

"Rashin nauyi ne. Da da wani abu mai ɗan nauyi a kai, da ya tsaya maka daram." Tasi'u ya duba hagu, ya duba dama, kamar mai neman dutse. "To, ba yadda za a yi. Saboda kai, bari in ɗan zauna."

"Allah ya yi maka albarka. Ka cika jikan kirki."

Ya zauna. Bargon kuma ba inda za a ajiye shi, dole ya ɗora a cinya. Daga cinya ya hau ƙirji, daga ƙirji ya kai wuya, aikin shadda ya shige ciki ba wanda ya yi kewarsa. Wani ɗumi ya taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya ƙudurta cewa suna isa kwanar zai tashi. Ya lumshe ido don ya ji daɗin ƙudurin.

Muryar mace ce ta farkar da shi. Wasu mata ne da suka fito rabon abincin Kirsimeti ga marasa lafiya, sun kewaye keken da kuloli a hannu.

"Sannu, Baba. Kai da kanka kake tura shi? Ɗanka ne?"

"Jikana ne," in ji Kaka Jibo cikin muryar tausayi.

"Wayyo. Me ya same shi?"

"Yau da safe ya fito da ƙafarsa. Ku dai sa shi a addu'a."

Aka ɗora wa Tasi'u ƙunshin shinkafa da cinyar kaza a cinya, aka haɗa da lemo, wata ta gyara masa bargon a kafaɗa ta ce ya daure, Allah yana sane da shi. Yanzu in ya miƙe, ya zama ɗan damfara a garin mutane. In ya zauna, ga kwana ta wuce, ga mota can a gaba. Ya zaɓi hanya ta uku, ya ja bargon ya rufe har hula.

Daga ciki ya ji takun da ya sani yana matsowa da sauri.

"Baba, wa aka ɗauko? Ina Malam Tasi'u ya shiga ya bar ka da turi?"

"Buɗe ki gani, 'yar nan."

Haske ya shigo. Sista Furera ta tsaya riƙe da gefen bargo, ta dubi hular da ta lotse, ta dubi cinyar kaza, ta dubi ɓawon ƙwai da ya leƙo daga aljihu. A bayanta tsofaffi sun leƙo ta tagogin mota, kowa da hular sanyinsa.

"Malam Tasi'u, lafiya? Ko jinin ne ya huce?"

Tasi'u ya gyara hula, ya gyara murya. "Sista, ke ma'aikaciyar lafiya ce, za ki fi kowa ganewa. Keken ne ba nauyi, yana fizgar Kaka. Na ga in ba a danne shi ba tsohon nan zai kifa. Shi ne na sadaukar da kaina."

"Har da rufe kai?"

"Don kada ya ji kunyar jama'a."

Ta cije leɓe ta juya wurin tsohon. "Haka ne, Baba?"

"Ƙwarai. Nauyi kam yana da shi, ba a rage masa komai ba." Kaka Jibo ya ɗauki sandarsa daga jikin keken ya dogara. "Tunda ma ga mu mu uku, dama akwai saƙon da ya ba ni in isar miki."

"Kaka, ba yanzu ba," in ji Tasi'u ƙasa-ƙasa.

"Mun yi da kai ni zan zaɓi lokaci. Furera, wannan bawan Allah da kike gani a naɗe, aurenki yake so. Na so in riƙe ki wa kaina, amma na ga ya fi ni buƙatar mai jinya."

Sista ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta ce, "Baba, irin wannan magana ai ba a amsa ta a bakin titi. Sai mutum ya yi tunani, ya san abin da zai ɗauka."

Kaka Jibo ya matsa gefe, ya nuna mata hannun keken da sandarsa.

"Shi ya sa na kawo miki shi a haka. Kama nan ki tura shi zuwa bakin mota. In kin ji za ki iya, sai mu sa rana."