Kwabon Farfesa a Cibiyar Jariri

"...Lafiya lau na kwana, raggon miji. Sai yanzu ka tuna da gaisuwa?"

Zailani, ɗalibin likitanci a unguwar Whitechapel ta Ingila, bai ko amsa wa kakarsa ba. Hajiya Zinatu ta zo daga Kano ganin jaririn da aka haifa masa, kuma tun zuwanta kayan ɗakin suke sauya mazauni. Yau abin da ya ɓata kwabon Amurka ne, wanda aka ƙera da kwanson harsasan yaƙin Hitila. Farfesansa, mai sha'awar tara tsofaffin sulalla waɗanda wanki ke rage musu daraja, shi ya ba shi aro, ga shi kuma yana tafe barka, zai karɓi abinsa.

"Tsohuwa, ina kwabon da ke cikin ɗan akwatin nan?"

"Wannan mai dattin? Man fetur ya cika ƙasarmu da kuɗi, kai kana Ingila kana gumi a kan kwabo! Ni dai na yi asarar miji."

"Da harsashin yaƙi aka yi shi, ba nawa ba ne. In ya ɓata, da wane ido zan dubi Farfesa?"

"Da wannan na mujiyar."

"Ki rufa mini asiri, mai haƙori uku!"

"Huɗu ne, je ka ƙirga. Kwabo kuma yana bakin aiki."

Ta yaye zanen jariri. Ga kwabon nan ɗaure da tsumma a kan cibiya. Zailani ya dafe kai: Farfesan da ke koya musu tsabta zai tarar da wannan a gidan ɗalibinsa!

"Cibiyar ta turo irin taka," in ji ta. "Abin da ya kwantar da Hitila, cibiya ce za ta gagare shi?"

"Ba kin zo da tsohon kwabonmu ba?"

"Mai huda? Ta leƙo ta ramin? Wane irin likita ne kai?"

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Nan da nan ya buɗe jakarsa, ya fito da farin goron da ya ɓoye mata, ya durƙusa.

"Na tuba, uwargida."

Ta kwance tsumman tana dariya, ta miƙa masa kwabon da ɗuminsa.

"Karɓi. Amma ka gaya wa Baturen ya biya ladan wanki, don sai da na dirje shi da lemon tsami."