Jan Hasken da Na Kai wa Sojoji Rahoto

Da magariba ina tsaye a tagar falonmu a garin Upper Marlboro na Amurka, ina duban jinjirin watan azumi ta gilashi saboda sanyi, sai ga wani jan haske a saman bishiyoyi. Ba ƙara, ba fiffike, yana tafe a hankali yana jan hayaƙi. Ni fa injiniya ne, na san jirgi, wannan ba jirgi ba ne. Ban gaya wa kowa ba, na kai rahoto sansanin sojin sama.

Bayan kwana uku jami'ai biyu suka zo da magariba, fuska ba annuri. Muna tsaye a tagar, sai hasken ya dawo.

"Ga shi nan!" na ce.

Ɗayansu ya waiwaya. Matata ce ta ratso falon da kaskon turaren wuta don karrama baƙi. Ashe tun ranar farko garwashinta nake gani a gilashin.

Har yau in za ta sa turare sai ta leƙo ta ce, "Baban Amira, a sanar da sojoji, jirginmu zai tashi."