Ranar da Na Nome wa Surukata Rijla

Ba zan taɓa mantawa ba da Sha'aban ɗin da na yi wa surukata noma a saman soro. Har yau in na ga fartanya sai kunnuwana su yi zafi.

Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Malumfashi, tuƙi ya kawo ni Jidda, aure ya zaunar da ni a unguwar Nuzla. Matata Su'ad a nan aka haife ta, haka uwarta Hajiya Zulai, kakanninsu ne suka zo hajji suka zauna. A gidan nan ba ni da abin tinƙaho. Larabcina na tasha ne, shayina kullum sai an gyara. Abu ɗaya na riƙe gam, wato noma. Da an taɓa zancen shuka sai in gyara zama in ce, "Ai mu da fartanya aka haife mu." (Rabona da fartanya a lokacin shekara goma sha huɗu, amma wannan ban faɗa wa kowa ba.)

Hajiya tana da lambu a saman soron gidanta. Tsofaffin bokitai ne da gwangwanayen fenti da akwatunan kumfa irin na masu kifi, ta jera su ƙarƙashin koriyar raga. Akwai na'ana'a, akwai kuɓewa da barkono, ga ful, farin furen nan mai ƙamshi da mata ke sawa a gashi. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, take tarawa a jarka tana ba su. Ƙarshen sanyi take shuka, kafin zafin Jidda ya fara cin mutum.

Da za su tafi ziyara Madina ita da Su'ad, kwana goma, sai ta miƙo mini makullin soro. Karo na farko ke nan da ta ba ni amanar wani abu nata.

"Ruwa kawai, ya waladi," ta ce. "Safe da yamma. Bas."

"Hajiya, ku kwantar da hankalinku," na ce. "Lambu ya zo hannun masu shi."

Kwana bakwai ina ban ruwa kamar mutumin kirki. A na takwas shaiɗan ya raka ni sama. Na tsuguna gaban manyan akwatuna uku da ke gefen gabas, me zan gani? Fasa-ƙaba! Ciyawar nan mai jan kara da ganye mai kauri, mai shimfiɗa a ƙasa, wadda babanmu ya sha ranƙwashina a kanta. Ta cika akwatunan maƙil, ta yi shar. Na girgiza kai na ce, Allah sarki mutanen birni, duk abin da Hajiya ta shuka a nan ciyawa ta cinye shi ba ta ma sani ba. (Akwatu uku, ciyawa iri ɗaya, a jere layi-layi, kuma ba ko tsinke a sauran bokitan. Ko jaki zai tsaya ya yi tunani. Ni ban tsaya ba.)

Na naɗe hannun riga, na tuge ta tas. Na cusa a buhun shinkafa na jingine a lungu inda ba za ta taɓa ƙasa ba, na baje akwatunan da cokalin miya har suka yi sumul. Na ja da baya ina kallon aikina, wallahi har tausayin Hajiya nake ji da ta daɗe ba ta san darajar surukinta ba.

Ranar da suka dawo, bayan la'asar, maƙwabta suka cika falo ana sannu da zuwa, ana rabon dabinon Madina. Har ƙawarta Hajiya Maryama ta zo daga unguwar Ruwais, matar da dariyarta ke tsallake gida uku. Ba wanda ya tambaye ni lambu. Ni da bakina na ce, "Hajiya, ku hau ku ga ɗan gyaran da na yi. Ku ma ku zo ku gani."

Mata shida suka biyo ni sama. Na tsaya gefen akwatunan na harɗe hannu a baya kamar mai jiran lambar yabo.

Hajiya ta dubi akwatu na farko, ta dubi na biyu, ta dubi na uku.

"Fen ar-rijla?" ta ce. Sai ta maimaita da Hausa don kada in ce ban ji ba. "Ina rijlata?"

"Ban ga rijla ba, Hajiya, ciyawa ta riga ta kashe ta. Amma na yi maganinta." Na jawo buhun, na zazzage a gabansu, har da ɗaga wani reshe sama don kowa ya shaida.

Su'ad ta dafe ƙirji. "Ya shekh, ita ce rijlar! Ita ce!"

Hajiya Maryama ta fashe da dariya har sai da ta riƙe igiyar shanya. "Zulai, mabruk! Allah ya ba ki muhandis, injiniyan noma!" Sauran suka taya ta, wata tana share hawaye da gefen mayafi.

Hajiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta kife bokiti ta zauna, ta ɗauki reshe ɗaya tana kakkaɓe masa ƙasa. Su'ad ce ta matso ta gaya mini a hankali: marigayi babanta ne ya kawo irin daga wata gona, shi ke son rijla da adas, wato ƙananan waken nan. Tun rasuwarsa Hajiya ke ajiye irin shekara-shekara, ran ɗaya ga azumi ta dafa ta raba wa maƙwabta sadaka gare shi. Bana kuma duk irin da ya rage ta zuba.

Kunya ta rufe ni, na ji da ma soron ya tsage in faɗa kicin. Abin da matar nan take tunawa da mijinta, shi na tuge da hannuna, na kuma gayyato 'yan kallo.

Sai ƙauyancin nawa ya yi rana sau ɗaya. Na tsuguna na murza karan, na ji da ruwa a cikinsa.

"Hajiya, ku ba ni zuwa azumi. Abar nan ba ta mutuwa. Shekara goma ina ƙoƙarin kashe ta a gonar babanmu, ko sau ɗaya ban ci nasara ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Yalla, mu gani, ya muhandis."

Kwana goma sha shida suka rage. Na yayyanka karan, na dasa ɗaya bayan ɗaya, na ƙara raga don rana. Kafin in fita aiki ina sama, in na dawo ina sama, ni da na taso ina tsine wa fasa-ƙaba ga ni ina yi mata addu'a. A kwana na biyar ta miƙe. Kafin a ga wata ta rufe akwatu biyu, na ukun ma ya biyo baya, har da 'yan furanni rawaya masu zama iri.

Ran ɗaya ga azumi aka raba sadakar kamar kullum. Da aka sha ruwa Hajiya ta turo mini kwano da kanta ta ce, "Ci ciyawarka." Na cinye tas, na nemi ƙari, kuma don Allah kada wanda ya kai wa mutanen garinmu labari.

Sunan muhandis dai ya bi ni, har mai kantin unguwa da shi yake kirana. Makullin soro kuwa yana wurina har yanzu. Sai dai ko tsinke na gani ya tsiro a bokiti, ba na taɓa shi sai na leƙa ƙasa na ɗaga murya: "Hajiya, wannan ci ake yi ko cirewa?"