Ƙarar Aminina Na'ibi, Mai Jiran Jirgin da Ba Ya Son Shiga

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban Waƙafin Ciyar da Masu Jiran Jirgi, uban gajiyayyu, inuwar baƙin Allah, wanda idonsa ba ya kuskure sai ranar Alhamis.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka duka, har da mai riƙe mudun awo, Allah ya rage masa rawar hannu, ina neman izinin magana.

Sunana Rafi'u ɗan Abdulwahid, ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda, mazaunin unguwar Bani Malik. Ban taɓa tsayawa a layinku ba, amma daga inda nake sauke buhuna ina hango rumfarku. Duk Alhamis ina kallon yadda kuke raba shinkafa da man shanu da dabino ga alhazan ƙasarmu waɗanda suka gama aikin hajji guzuri ya ƙare, suna zaune suna jiran abin da zai mai da su gida. Aiki ne na lada, ba wanda ya isa ya ce ba haka ba.

A wannan watan kun yi shela biyu. Ta farko, wani attajiri ya ɗauki nauyin jirgi, ranar Asabar za a kwashe duk masu jira zuwa Bur Sudan, daga can kowa ya kama hanyar garinsu, wanda kuma bai zo da ƙafarsa ba askarawa za su bi shi gida su ɗauko shi. Ta biyu, duk wanda ya tona asirin mai cin abincin waƙafi da ƙarya za a ba shi gwangwanin man shanu. Tun da na ji shelar nan abinci ya daina yi mini daɗi. Ga koke-kokena, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da yawansu.

Na ɗaya. Wane malami ne ya koya wa ofishinku gane mabukaci ta akwati? Mu talakawa mun ɗauka ana gane mai yunwa a fuska, ko a tambaye shi, ko a tambayi maƙwabta. Ashe ilimi ya wuce nan. A wajenku duk wanda aka tarar zaune kan akwatin ƙarfe, da tabarma a naɗe da buta a gefe, to matafiyi ne, a auna masa. Wanda ke zaune a ƙasa kuwa, ko haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, ɗan gari ne ya zo shan iska, yalla ya ba da wuri. Wallahi na jinjina wa wannan hikima. Ta hutar da ku tambaya, ta kuma tashi kasuwar tsofaffin akwatuna har masu saida su suka fara ƙara aure.

Na biyu. Wannan hikimar taku ce ta lalata mini amini. Sunansa Na'ibi. Tare muka yi rarrafe, tare muka sha bulalar malami guda. A Jidda aka yanke masa cibi. Mahaifinsa ne ya zo da ƙafa ta Sudan, ya rasu a nan, shi kuwa Na'ibi iyakar tafiyarsa a duniya ita ce Makka da Madina da Abhur, inda yake kai iyalin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, shan iskar teku a mota. Yana da iƙama lafiyayya, takardar izinin zama ke nan, da mata, Rabi'atu, da 'ya'ya, da tumbin da yake shigowa ɗaki kafin shi.

Wata Alhamis ya taimaki wani tsoho da ɗaukar akwati zuwa rumfarku. Tsohon ya zagaya kama ruwa, Na'ibi ya zauna kan akwatin yana share gumi. Sai ga ma'aikacinku, ba tambaya, ya juye masa shinkafa a gefen riga. Na'ibi ya buɗe baki zai yi bayani, ma'aikacin ya daka masa tsawa ya ce ya faɗi garinsu kawai, kada ya ɓata wa mutane lokaci. Sunan gari ɗaya ya taɓa ji a bakin babansa, shi ya faɗa: Kazaure. Aka dangwala yatsansa a littafinku, halas, shi ke nan, ya zama mutumin Kazaure. Ina tambaya cikin ladabi, ranka ya daɗe: wanda aka juye wa shinkafa a riga ba tare da ya roƙa ba, ɓarawo ne ko kwano? Ranar farko dai na ce kwano ne. Alhamis ta biyu, da ya je da nasa akwatin da ya sayo, nan kam ba zan kare shi ba.

Na uku. Mutum ya fara jiran jirgi ɗansa na fari yana goye, yau ɗan yana aske gemu, kuma a ofishinku ba wanda ya taɓa ɗaga gira? Jirage sun zo sun tafi, wasu sun tsufa an saida ƙarfensu, Na'ibi yana jira. Ma'aikatanku sun canja, mudun ma an canja shi, Na'ibi yana jira. Gajiyayyen da kuke ciyarwa yana zuwa da ƙamshin turaren oud, da agogo a hannu, wani lokaci ya ajiye motar kafilinsa a bayan rumfa, ya cire takalmi ya sa a aljihu, ya ƙaraso yana ɗingishi. Ɗingishin ma ba ya tsayawa ƙafa ɗaya. Ko sau ɗaya wani ya taɓa cewa a buɗe akwatin nan? Da an buɗe, da an ga ba komai ciki sai jakar da zai zuba shinkafa.

Na huɗu, kuma a nan ba na wasa. Akwai tsohuwa a gefen rumfarku, Iya Dela, mutuniyar ƙasar Katagum. Ita mai jira ce ta gaskiya. Mijinta ya rasu a Mina, yunwa ta sa ta saida akwatinta, kuma tun daga ranar ta daina zama matafiyiya a idonku. Tana zaune a ƙasa tana kallon masu akwati suna karɓa. Mu 'yan dako muke haɗa mata ɗan gurasa da wake. Kullum maganarta ɗaya, tana son ta ga jikokinta kafin ta mutu. Tunda ba ta cikin littafinku, a jirgin Asabar ba ta da wuri, Na'ibi yana da shi. Wannan abin ya ƙona mini rai, kuma na faɗa wa Na'ibi a fuskarsa ba sau ɗaya ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya aika mata da mudu guda, Alhamis ta zagayo ya sake ɗaukar akwati.

Na biyar. Gwangwanin man shanun nan naku. Haba, ranka ya daɗe! Da ba ku sa shi ba, da mutum zai iya zuwa ya faɗi gaskiya ya fita da mutuncinsa. Yanzu duk wanda ya buɗe baki, Bani Malik za ta ce ya saida ɗan'uwansa a kan abin soya albasa. Tun ranar shela mutane suke kallon juna a masallaci ta wutsiyar ido. Jiya maƙwabciyata ta soya ƙwai, ƙamshi ya fita, kafin la'asar an gama yanke hukuncin ko wa ta kai ƙara. Kun zo neman maƙaryata, kun mai da masu gaskiya 'yan kasuwa. Wa ya ba ku wannan shawara, kuma yana nan da aikinsa har yanzu?

Na shida, jirgin kansa. Shekara da shekaru ba ku samo jirgi ba, har kowa ya saki jiki, sai yanzu kuka tashi da himma? Ba na ƙin alheri, masu jira na gaskiya suna ta murna, Allah ya saka wa attajirin. Amma ku dubi abin da zai faru. Za ku ɗauki mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba, wanda in ya kalli teku da yawa kansa yake juyawa, ku ce kun mai da shi gida. Wane gida? Hausarsa rabi Larabci ce. In bai karya da gurasar tamis da shayi ba, yini yake yi yana faɗa da mutane. Bai san gabas da yamma a Kazaure ba, bai san ko sunan unguwar babansa ba. Zai sauka ya gaida mutanen gari da "kef halak", su ɗauka aljani ne ya shige shi. In kuma ya fita a matsayin alhajin da aka mayar, iƙamarsa ta mutu, dawowa sai wani ikon Allah.

To, ranka ya daɗe, kada ka ce ban nemi wata hanya ba. Na je wajen Na'ibi na ce ya ɗauki iƙamarsa ya kai muku, ya ce ya tuba. Ya ce mini, "Ya Rafi'u, wallahi gara teku ta cinye ni da a nuna ni a ƙofar masallaci a ce ga ɓarawon waƙafi. Halas, na gama magana." Wai dabararsa ita ce ya bi jirgin, in hajji ta zagayo ya dawo a cikin alhazai, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Mutumin da in ya je kasuwar kifi sai ya tambayi hanyar gida! Kafin in fita ya riƙe hannuna ya ce in rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse ba, na ce masa shayina ya huce.

Na je wajen limaminmu. Ya ce rufa asirin ɗan'uwa Musulmi wajibi ne. Na ce madalla. Ya ce dukiyar waƙafi kuma wuta ce, wanda ya gani ya yi shiru yana da kasonsa. Na ce to wanne zan ɗauka, Allah gafarta malam? Ya dubi rana, ya ce lokacin alwala ya yi.

Sai shekaranjiya Rabi'atu ta zo gidana, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta kira ni da sunan da take kirana tun tana amarya. Ta ce, "Yaya Rafi'u, ya ce in na buɗe baki a bakin aurena. Kai ba zai iya sakinka ba." Ta share ido da gefen mayafi ta tafi. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Shirun da na yi ta yi shekaru ina kiransa amana, ga shi zai raba mutum da 'ya'yansa, ya kuma bar tsohuwa a ƙasa.

Saboda haka, da hankalina, ba wanda ya tilasta ni, ina kai ƙara. Na'ibi, direba, mazaunin Bani Malik, bayan gidan mai gurasa, ba alhaji mai jira ba ne. Haifaffen Jidda ne, ya ci shinkafarku da ƙarya, kuma ya sani. Iƙamarsa tana wajen kafilinsa, ku aika a duba. Ku cire shi daga jirgin Asabar, ku sa Iya Dela a wurinsa. In sai da akwati za ta shiga, akwai wani akwatin da zai zama ba mai shi nan kusa. Hukuncin da za ku yi masa ku yi, ya cancanta, sai dai ina roƙon ku tuna wa ya fara juye masa a riga. In biya ne, bayana yana nan, zan ɗauki rabin buhunan. Gwangwaninku kuwa ku riƙe abinku, in ya shigo gidana zan wurgo shi ta taga.

Na sa a karanta wannan takarda a bakin rumfa, a gaban jama'a, don kada Na'ibi ya zauna yana zargin matarsa ko maƙwabta. Ni ne, Na'ibi. Ni na yi. Na san halinka, ba za ka ƙara shan shayina ba, in mun haɗu a hanya za ka kau da kai, wataƙila har mu tsufa a haka. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma gara in riƙa ganin ƙeyarka kullum a Bani Malik da in tsaya a bakin teku ranar Asabar ina ɗaga wa fuskarka hannu.

Allah ya ja zamanin Mudir, ya ƙara wa ofishinsa basira ko da cikin cokali ce, ya sa wannan takarda ta iso gabansa kafin jirgi ya ɗaga.

Naka mai biyayya, wanda bai kai ya goge ƙurar takalminka ba,

Rafi'u ɗan Abdulwahid,
Ɗan dako, aminin wanda ake ƙara, ko ya yarda ko bai yarda ba,
Bani Malik, Jidda.