Ranar da Na Yi wa Lemon Bature Surace

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da dama, amma ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka ba ni amanar lemo ba. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, mu kuma a ƙauyenmu na gabashin Dutse labarinsa kawai muke ji. Ni ɗan malami ne, na sauke, ina rubutun ajami, na kuma taɓa yin wata biyu a Kano wajen wani kawuna mai lambu. Waɗannan wata biyun ne suka jawo mini, domin tun da na dawo ba a taɓa yin maganar shuka a gabana na yi shiru ba.

Wani Baturen gona ya zo rangadi, ya bar wa dagacinmu dashen lemon zaƙi guda takwas a cikin gwangwanayen kananzir. Ya ce a raya su, zai dawo gab da faɗuwar damina. Idan sun rayu, za a haƙa wa garinmu babbar rijiya a yi lambu. Idan sun mutu, sai a ba maƙwabtanmu na hayin rafi, waɗanda su ma ya bar musu takwas. Mu kuwa a lokacin rijiya ɗaya gare mu, tana ƙafewa kowace bazara.

Dagaci ya sa aka kira ni. Ya ce, "Malam, kai ne ka ga lambu a birni. Ga amana nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ƙaramin abu ne." (Lambun kawuna albasa ce da alayyafo. Ban taɓa ganin itacen lemo ba sai ranar. Wannan ban faɗa ba.)

A waje awaki da zafin rana ba za su bar su ba, don haka na shigar da su wani ɗaki da ba kowa a gidanmu, mai taga ɗaya tana kallon gabas. Ina ba su ruwa safe da yamma, amma ganyen sai nannaɗewa yake yi, bakinsa yana bushewa. Bayan mako guda na lura da wani abu: wanda ke kusa da randar da nake ɗiban ruwa ya fi sauran kyan gani. Na zauna na yi tunani, na gane ƙasar ba ta jin ƙishirwa, iskar ɗakin ce ta bushe.

A nan dole in yi wa kaina adalci, domin abin da na haɗa ya yi aiki. Na samo sabbin tuluna uku, tunda sabon tulu ya fi naso. Na huda gindin kowanne da basilla, na cusa zaren auduga a hujin, na rataye su a ragaya bisa tagar. Na saki asabari a ƙarƙashinsu, ruwan yana ɗiga a kansa a hankali, na ajiye kasko yana tarar abin da ya sauko. Ƙasan ɗakin na zuba yashi ina yayyafa masa ruwa, ƙofar kuma na rufe da tsohon zane jiƙaƙƙe. Duk iskar da za ta shigo sai ta ratsa asabarin, ta iso da sanyi da laima. Kafin kwana goma ganye ya buɗe, har sabon toho ya fito.

Daga nan kaina ya fara girma. Mutane suka riƙa zuwa kallo, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina bayani kamar mai tafsiri. Liman ma ya mai da ɗakin wurin hutawarsa bayan azahar. (Ya ce lemon yake yi wa addu'a. Na sha jin minsharinsa.)

Wata biyu ana haka, sai aka aiko cewa gobe bayan azahar Bature zai iso. Da gari ya waye na duba, na ga uku sun ɗan sunkuyar da ganye. Ba wani abu ba ne, zafi ne ya yi yawa a makon, da yamma ta yi za su miƙe. Amma ni ba rayayyen lemo kawai nake so Bature ya gani ba, so nake ya ga ganye yana ƙyalli.

Ina fitowa tsakar gida na tarar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, tana yi wa matata surace saboda mura. An tafasa ruwa a tukunya, an jefa duwatsu masu zafi, an lulluɓe ta da bargo. Can ta fito tana gumi, ta ce kanta ya sake. Nan take dabara ta zo mini. Idan laima mai sanyi ta yi wannan aikin a wata biyu, ai tururi zai yi shi kafin azahar.

Na ce, "Gwaggo, ara mini tukunyar nan da bargon."

"Kai ma murar ce?"

"A'a, lemo zan yi wa."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni. "Lemon ne yake atishawa? Ɗan nan, ganye fa ba mutum ba ne. Mu da muke dafa shi kullum mun san abin da tururi ke yi masa."

Na yi murmushin masu sani. "Gwaggo, wannan ba irin ganyenku ba ne. Sha'ani ne na laima, sai wanda ya ga yadda ake yi a birni."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Mu iyakarmu kasuwar Dutse."

Da ukun nan kawai na yi wa, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai na ga bai kamata wasu su fi wasu kyau ba. Na jera duka takwas a kewaye, na sa tafasasshiyar tukunya a tsakiya, na ƙara duwatsu, na lulluɓe da bargo, na ɗora tabarma don kada tururin ya tsere. Sannan na yi wanka, na saka babbar riga, na tafi tarbar baƙi.

Aka shigo ɗakin: dagaci, Bature da tafintansa, liman, da dattawa biyu. Mata suna bayan danga suna leƙe. Bature ya fara da tuluna. Ya taɓa asabarin, ya duba zaren, ya fito da ɗan littafi yana zana su. Tafinta ya ce, "Bature ya ce wane ne ya haɗa wannan? Ya ce ya zaga garuruwa bai ga irinsa ba." Dagaci ya nuna ni, yana gyara rawani. Ni kuma na matsa gaba, na ce bismillah da ƙarfi, na yaye bargon.

Ƙamshin ne ya fara fitowa, kuma ƙamshi ne da kowa ya sani daga madafi. Ganyen duka ya yi duhu, ya yi laushi, ya kwanta jikin reshe. Bature ya sunkuya ya kama ɗaya, sai ya saɓule ya manne masa a yatsa. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a kasko.

Sai muryar Gwaggo daga bayan danga: "Ku miƙo ƙuli-ƙuli da albasa mana, a kwaɗa wa baƙo tun da zafinsa."

Mata suka fashe. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Bature ya yi doguwar magana, tafinta ya ce, "Ya ce a nemo wanda ya yi wannan ɓarnar, a hana shi shiga ɗakin nan, domin ya ɓata wa mai tuluna wahalarsa."

Dagaci ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Gaya masa mutum ɗaya ne."

Rijiyar dai hayin rafi aka haƙa ta. Nasu biyar ne suka rayu, a gindin tsamiya, an kewaye su da ƙaya, ba tulu ba asabari. Sai da muka ƙara shekaru matanmu suna tafiya can ɗiban ruwa duk bazara, kuma duk wadda ta dawo da tulu a ka sai ta biyo ta ƙofar gidanmu ta ce, "Malam, sannu da hutawa."

Abin da na koya bai da yawa. Ranar da za a zo duba aikinka, ba ranar gyara ba ce. In hannunka yana ƙaiƙayi, ka ɗauki carbi. Kuma duk lokacin da tsohuwa ta ce maka "Allah ya ba da sa'a" ba tare da ta ƙara musu ba, ka koma ka sauke tukunyar.