Surukin Gidan Thamer

Duk unguwar Sharafiyya babu mai kishin jama'a kamar Alhaji Shafi'u, kuma shi da kansa ne shaida. Turare yake sayarwa a wani ɗan shago, amma tun ranar da baladiyya, hukumar gari, ta kawo shirin kama magunan titi a yi musu aikin hana haihuwa, ya naɗa kansa jagora. Ba wanda ya zaɓe shi, Allah ne ya dubi unguwa. Ya ɗinka riga mai aljihu shida, ya rataya usur, mutane suka sa masa Mudirun Maguna, wato shugaban maguna. Ya ɗauka yabo ne.

Bayan kowace la'asar sai ya tsaya a bakin masallaci ya yi huɗubarsa. "Ya jama'a, maguna sun yi yawa. Duk wadda ta shiga keji, halas, magana ta ƙare, ko ta gidan uban wane ce. Nizami nizami ne, doka ba ta san kowa ba."

To, wanzami ba ya son jarfa. Mudiru yana da muzuru ɗan Shiraz, irin masu tsadar nan, mai gashi buzu-buzu, sunansa Basha. Wannan kam ba a taɓa shi, don ɗan asali ne. Shaikh Thamer, wani attajiri a unguwar Ruwais, ya amince a haɗa Basha da kyanwarsa bayan Sallah. Tun daga nan Mudiru ba ya kiran Thamer sai "surukina", har ya fara gaida makwabta da yatsa biyu. Ya rantse Basha bai taɓa taka titi ba. 'Ya'yan magunan da ke kwance a bayan shagon kifi, masu gashi buzu-buzu da lotsattsen hanci, wannan ikon Allah ne kawai.

Ranar kamu, Mudiru da hannunsa ya jera kejina a lungu, ya zuba musu sardin. Da hantsi uwargida Bara'atu ta buga masa waya.

"Alhaji, ban ga Basha ba tun safe."

"Ina kan aikin hukuma, ya Hajiya. Ki duba ƙarƙashin gado."

Aka rufe kejina da tsumma don kada maguna su firgita. Direban motar baladiyya ya ce masa ya leƙa ya gani, Mudiru ya ɗaga hannu. "Ba na duba fuska. Yalla, a tafi."

Ranar dawo da su ya shirya taro, da kujeru da dabino, ya gayyato surukinsa. Likitar dabbobi, Daktora Raghad, ta yi bayani cewa duk wadda aka yi wa aiki an ɗan datse mata kan kunne, don kada a sake kama ta. Mudiru ya yi jawabi mai tsawo kan sadaukarwa, sannan ya yaye tsumman kejin farko da kansa.

Basha ne zaune, kunne a datse, yana hamma.

Mudiru ya ji kamar ya kwanta a ƙasa ya yi birgima. Amma Thamer ya riga ya miƙe yana tafi. "Masha Allah, ya Shafi'u. Da gidanka ka fara. Haka shugaba yake." Jama'a suka ɗauki tafi, aka miƙa masa kejin, ya yashe haƙora aka ɗauki hoto.

Bayan Sallah aka haɗa kyanwar Thamer da muzurun wani direba ɗan Chadi a unguwar Aziziyya. Ko dabinon biki ba a aiko wa Mudiru ba.